Dabinon da Ban Dasa Ba

Ban taɓa ganin teku ba. Iyakar tafiyata Tawa, can ma jinya ta kai ni. Amma yau in ka tsaya tashar Konni ka ce a kai ka bakin teku, mai babur zai ɗauko ka ya dire ka cikin lambuna. Lambun da nake kira nawa, na gyara magana.

Sunana Uwani. Shekara ashirin da biyu ina dashen albasa a bakin tabkin garinmu, can gefen hanyar Malbaza. Filin na Attahiru ne, ƙanen marigayi mijina Sallau, ta wajen uwarsa ya gada. Aro ya ba Sallau, da Sallau ya rasu ya ce in ci gaba. Kowa a nan ya san dokar aro: ka noma abin da kake so, amma ba ka gina rijiya, ba ka dasa icce. Wanda ya dasa icce cikin filin aro ya ce filin nasa ne ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Bara waccan, bayan kaka, tabki cike, wata mota ta tsaya. Wani dogo mai baƙin tabarau ya fito, ya ce sunansa Almoustapha, daga Konni, fim suke yi.

"Inna, kwana ukku kawai. Labarinmu na bakin teku ne, tafiya Kotonu ko ta fi ƙarfinmu. Nan in rana za ta faɗi ba a hangen wancan gefen."

"To ni mi ya shafe ni?"

"Rairayi za mu zuba kaɗan. In mun gama mu kwashe, kamar ba a yi ba."

Na ce to. Wannan to ɗin ita ce ta cinye ni.

Kaɗan ɗin kamiyo biyu ce, manyan motocin kaya. Mu da muke yaƙi da rairayi tun kakanni, ga mutane sun ɗauko shi a mota sun juye kan baƙar laka. Sunka kawo ƙananan itatuwan dabino biyar sunka soke cikin rairayin, wai su ne kwakwa. Wata yarinya ta yi ta gudu tana kuka tana waiwaye, a ce ta sake, ta sake. Ranar ta huɗu na zo da safe, babu su babu motar. Rairayi na nan, dabino na nan.

Na noma rabin da ya rage. Huɗu cikin dabinon sunka bushe cikin sati biyu. Na biyar shi ne kusa da fangalin albasata na ƙarshe, ganyensa ya yi laushi yana kallon ƙasa. Kullum in na gama ban ruwa sai ɗan saura ya rage a gindin bokiti. Ina zan kai shi? In mayar tabki? Nakan juye masa in wuce. Ban yi tunanin komi ba, wallahi. Wanda ya yi shekara ashirin yana ba tsiro ruwa ba ya iya wuce mai ƙishi da ruwa a hannu.

Da fim ya fito, maƙwabciyata Zuwaira ta nuna mini a salula. Ga tabkinmu ya zama shuɗi, har da ƙarar igiyar ruwa da ban san inda sunka samo ta ba.

"Uwani, ashe a Kotonu kike zaune ba ki gaya mana ba! Yaushe za ki aiko mana da kifin teku?"

"Ranar da kika biya kuɗin jirgi," na ce. Lokacin ina iya dariya.

Sai baƙi sunka fara zuwa. Lahadi babura goma, ranar salla ba a ƙirgawa. Daga Konni, daga Illela, har ƴan ƙetaren iyaka. Amare da angwaye, ƴan makarantar lakwal, ma'aikatan siminti da matansu. Kowa sai ya dafa dabinon nan an ɗauke shi hoto, don a nan yarinyar ta yi kuka. Suna taka mini fangali da takalma masu tsini. In na yi magana su ce, "Tsohuwa, yi haƙuri, yanzu za mu tafi." Su tafi wasu su zo.

Bana, ruwa ya fara ja, irina ya kai dashe, Attahiru ya iso da sandarsa. Bai ko gaishe ni yadda aka saba ba.

"Matar yaya, icce nake gani cikin filina."

"Kai ma ka san wanda ya kawo shi. Kana tsaye ranar, har shayinsu ka sha."

"Sun kawo biyar. Ina huɗun?"

"Sun mutu."

"Wanga mi ya hana shi mutuwa?"

Na ce bari in ɗauko gatari yanzu in sare shi, magana ta ƙare. Ya tare ni da sanda. "Icce cikin filina, ki sare? Ki taɓa shi ki gani." Na ce, "To kai Attahiru, in na bar shi na ci maka fili, in na sare na yi maka ɓarna. Wace ƙofa ka bar mini?" Ya riga ya yi magana da mai tuyar ƙwai da mai sayar da lemu, rumfuna za su kafa, duk garin ya sani.

Ya kai ni gaban maigari Yakuba. Maigari ya ce in kawo shaidar wanda ya dasa. Na hau mota zuwa Konni, na yi ta tambaya har anka nuna mini shagon Almoustapha, ƙofa da kwaɗo. Mai ɗinki na gefe ya ce, "Ai fim ɗin nan ya karɓe shi, Hajiya. Yana Kotonu, bakin tekun gaske, suna yin na biyu." Ya kira mini shi har sau huɗu, ba a ɗauka ba. Na wuce meri, ofishin magajin gari, wani ma'aikaci ya saurare ni yana duban salularsa, ya tambaye ni takardar fili. Na ce aro ne. Ya tambayi takardar aron. Na ce a garinku takarda ake rubutawa tsakanin wa da ƙane? Ya ce maganar gargajiya ce, in koma wurin maigari. Ina fita ya ce, "Wurin na da kyau kuwa? Ina so in kai madam."

Ranar Alhamis anka zauna. Maigari ba mugu ba ne, tare munka taso. Ya so ya sama mini hanya.

"Uwani, duk mun san ba ke kika kawo iccen ba. Abu guda ya rage. Ga liman, ga Alƙur'ani. Ki dafa ki ce ba ki dasa ba, ba ki rena ba, ba ki taɓa ba shi ruwa ba. In kin rantse, Attahiru ya bar ki ki ci gaba da nomanki, magana ta mutu."

Zuwaira na bayana tana tsungulina. "Ke, rantse! Ɗan sauran bokiti ne, wa ya gani?"

Na yi alwala. Na zo na durƙusa gaban liman. Na miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Na ga ganyen nan mai laushi, na ga ruwan yana shiga rairayi.

"Ban dasa ba," na ce. "Amma na ba shi ruwa."

"Sau nawa?" in ji maigari, a hankali, kamar mai roƙona in ce sau ɗaya.

"Rani guda cur."

Attahiru bai ma dube ni ba. Maigari ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce dasawa da renon icce a wurinmu hukuncinsu ɗaya, shi ba zai iya canza abin da ya tarar ba. Fili ya koma ga mai shi. Ya ce cikin nasa zai ara mini wani, can tudu. Na ce, "Yakuba, tudu albasa take yi ko ƙaya?" Ya sunkuyar da kai.

Irin da na rena ya tsufa a wurinsa, na raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Na koma Konni sau biyu, ƙofar nan da kwaɗonta. An ce in je Tawa, an ce in je rediyo. Wanda na gaya wa duk sai ya fara tambayata ko ni ma na fito a fim ɗin.

Jiya na bi ta wurin zan je itace. An ƙaro rairayi, ya rufe har fangalin da Sallau ya ja da hannunsa. Rumfa huɗu. Dabinon ya kai ƙirjina, amma ganyen ƙasa ya fara rawaya, don duk masu dafa shi ba wanda ya taɓa zuba masa ko moɗa guda. Attahiru na zaune a inuwar rumfa. Ya ɗaga murya: "Matar yaya, abin nan fa kamar yana son ruwa. Sau nawa kike ba shi a sati?"

Na tsaya na dube shi. Akwai gora cike da ruwa a hannuna. Na riƙe ta gam, na bi hanyar tudu, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan zuba.