Jirgin da ke Ƙasan Abhur

Tun ranar da masunta suka ce ragarsu ta sarƙe da wani jirgi a ƙasan teku bayan Abhur, Rafi'u ya kasa zama. Shagon hoto gare shi a Aziziyya, inda yake ɗaukar mutane hoton iƙama, wato takardar izinin zama ƙasa, amma a makon nan sai ya zaunar da mutum, ya ce masa ya ɗaga haɓa, shi kuma ya leƙa titi ya manta da shi.

Mahaifinsa Hamad masunci ne. Ya fita da jirginsa wata safiya Rafi'u yana ƙarami, bai dawo ba, ba a ga ko katako ɗaya ba. Mahaifiyarsa Inna Turai ta yi takaba don mutane sun ce ta yi, amma har yau in an ambaci Bur Sudan, can ƙetaren teku, sai ta tambaya ko an ga wani dogo mai tabo a goshi.

Wani injiniya ɗan Italiya da zai koma gida ya bar wa Rafi'u ƙaramar kyamarar shiga ruwa, mai gilashi mai faɗin gani. Rafi'u ya kai wa abokinsa Saleh, wanda ke nutso yana gyara ƙasan jirage a tashar ruwa, shi ne ma ya koya masa numfashi da tulun iska.

"Yalla, kai ni," in ji Rafi'u.

"Zan kai ka. Amma kai ba ka iya tsayawa wuri ɗaya ba, ƙasan kuma yashi ne."

Haka kuwa aka yi. Da suka sauka Rafi'u ya hango jirgin kwance a gefensa, murjani ya ci rabinsa. Ya yi ta kewaye daga nesa yana dannawa, ƙafafunsa suna tayar da yashi. Da ya wanke fim ɗin, sai hazo kawai, da wani baƙin ɗigo can tsakiya. Gilashin yana kwaso komai, amma yana mayar da abu ƙarami, ruwan da ke tsakani kuma ya cinye sauran.

Ya yaga hotunan. Ya yi ta safa da marwa a shago har maƙwabcinsa tela ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Juma'ar da ta biyo suka koma. Wannan karon ya matsa har gwiwarsa ta kusa taɓa katakon. Bai so ba, don yana tsoron abin da zai gani a ciki. Babu kowa, sai ƙananan kifaye jajaye suna shiga suna fita. Ya sassauta numfashi, ya jira yashi ya kwanta, Saleh yana riƙe da shi ta ɗamara. Ya ɗauki goshin jirgin, ya ɗauki gindinsa da farfela, duk a kusa.

Hotunan suka fito tas. Ya kai wa Inna tana tsintar shinkafa. Ta goge hannu, ta ɗaga su wajen taga, ta daɗe tana kallo.

"Wannan mene ne a baya?"

"Farfela ce, Inna. Ta inji."

"Jirgin babanka ba shi da inji. Da iska yake tafiya, ni nake ɗinke masa filafilai." Ta miƙo masa. "Halas, shi ke nan, ba shi ba ne."

Ya karɓi hotunan. Ya zauna a dandamali.

Bai iya zubar da hotunan ba, sai ya liƙa ɗaya a bangon shago. Bayan Babbar Sallah wani dattijo ɗan Yaman mai suna Usuman ya zo ɗaukar hoto, ya tsaya ƙyam a gaban bangon. Ya sa yatsa a kan wata sassaƙar tauraro a goshin jirgin, ya ce shi ya sassaƙa ta da hannunsa, jirgin ƙaninsa ne.

Rafi'u ya cire hoton ya ba shi, ya kwatanta masa wurin. Dattijon ya fita yana share ido da rawaninsa, ya manta da abin da ya kawo shi.

Da la'asar Rafi'u ya rufe shago, ya nufi bakin teku wurin masunta, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya a ina kuma raga take sarƙewa.