Injin Cakulkulin Merv

Sai da muka shekara goma sha ɗaya da aure kafin mijina Merv ya faɗa mini abin da ke ransa. Muna shan shayi a barandar gidanmu a garin Cobar, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da tunkiyar sata, ya ce duk duniya ba abin da yake so irin in yi masa cakulkuli a tafin ƙafa har sai ya roƙe ni in bari.

Na ce, "Shi ke nan? Ni da na ɗauka wata mace ka samu a garin Dubbo!"

Daga ranar abin ya zama sirrinmu. Sai dai Merv akwai dogon buri. Wai mafarkinsa hannaye ɗari, a wuni ana yi masa ba hutawa. Ni kuwa na san mutumina, minti biyu ya fara kiran sunan uwarsa. Nakan ce, "Tsoho, hannu biyu gare ni, su ma sun fi ƙarfinka."

Bara sanyin ƙashi ya kama mini yatsu, suka lanƙwashe, ko murfin kwalba ba na iya buɗewa. Na daina yi masa cakulkulin. Shi kuma bai tambaya ba. Amma abin ya ci ni a rai, ina tsoron kada abin da ya haɗa mu ya tafi tare da yatsun.

Sai ya tsiri shigewa gareji. Sati uku ina jin ƙarar walda. Ran Asabar da hantsi ya kira ni. Ga tsohuwar kujerar aski, ga injin share gilashin mota har huɗu, kowanne an ɗaura masa gashin jimina da ya tsinto a wayar shinge.

"Kin huta, Noelene. Ga hannaye ɗarin."

"Huɗu nake gani."

"Sauran na tafe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato gurbina za a maye da kayan bola. Na ce, "Hau mana, injiniya, mu sha kallo."

Ya cire takalma, ya miƙe ƙafafu, ya danna makunni. Gashin ya shiga kai da komo. Merv ya yi zuru kamar mai jiran layin asibiti. Minti biyar ko murmushi babu. Ya kashe injin.

"Na san inda zai taɓa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ke kuwa ban taɓa sani ba." Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, fushina ya bi iska.

Na jawo bokiti na kife, na zauna gaban ƙafafunsa. Na ɗaga karkataccen yatsana guda, na nufi tafin ƙafar a hankali, na tsaya. Yatsun ƙafarsa suka dunƙule.

"Kar ki soma."

"Na taɓa ka ne?"

"Noelene, don girman Allah!"

Na kai yatsan wajen hagu a iska, na dawo da shi wajen dama. Ai kuwa ya fashe da dariya, yana shure-shure har ya karya hannun injin ɗaya. Ni ma ina dariya ina hawaye.

Da ya samu numfashi, ya kamo hannun nawa a hankali don kada ya ji mini ciwo, ya ɗora a kumatunsa. Har lokacin ban taɓa ƙafar ba.