Igiyar da Babu Mai Riƙewa

Shekara ashirin da bakwai Mai Zobe yana hawa bishiya yana sa wa 'ya'yan gaggafa zobe a ƙafa, don ma'aikatar gandun daji ta san inda suke zuwa idan sun tashi. Dokar aikin ita ce ba a hawa sai da mutum a ƙasa riƙe da igiya. Duk shekarun nan matarsa ce ke riƙewa. Wata biyar ke nan da rasuwarta.

Saura kwana uku 'ya'yan gaggafar bana su yi girman da in ya leƙa sheƙar za su firgita su faɗo. Ya kira ɗansa a waya.

"Baba, wallahi aiki ya sha mini kai. Ka bari sai ƙarshen wata mana."

"Kafin nan ai sun tashi."

"To don Allah kada ka hau kai kaɗai."

"Na ji."

Ji kam ya ji. Washegari da safe ya saɓa jaka ya tafi.

Ya ƙwanƙwasa gindin bishiyar ya ji babu rami. Ya bi igiya da yatsa ko ta cinye a wani wuri, ya ɗaura ɗamara, ya kafa hular kwano saboda uwar 'ya'yan ba ta da mutunci in ta kawo farce. Ya jefa igiya ta kan reshe, ya maƙala ƙugiya a ƙugu, ya kama hawa.

Ya wuce reshe na uku sai bakinsa ya ce, "Ja kaɗan."

Shiru. Da matarsa tana nan da ta ce, "Tsohon biri, bi a hankali, ni ba zan iya ɗaukarka ba."

Ya duba ƙasa. Ɗaya bakin igiyar yana yashe a ciyawa, ba a ɗaure da komai ba. Hannunsa bai taɓa sanin wannan aikin ba, nata ne. Da ya saki jiki ya jingina da igiyar, da shi ke nan.

Ya rungume bishiyar. Yana jin kukan 'ya'yan a sama, ba su fi taku goma ba. Kewarta ta kama shi har ta fi tsoron faɗuwa. Ya haƙura da zoben bana, ya lallaɓa ya sauko.

Ya tsaya inda take tsayawa, ya ɗauki bakin igiyar ya naɗe a hannu, ya ɗaga kai. Sai yau ya ga irin tsawon da take kallo daga nan. Ba ta taɓa ce masa tana jin tsoro ba.