Akwatin Bidiyon Baba

Ba son kallon fim ne ya kai ni shagon mai kwamfuta ba. Inna ce, mahaifiyata. Tun bayan rasuwar Baba mantuwa ta kama ta, ba abin da ke zaunar da ita wuri ɗaya sai bidiyoyinsa. Baba mutum ne mai surutu, ko famfo yake gyarawa sai ya yi wa famfon faɗa, mu kuwa muna ɗauka da waya muna dariya. Duk suna cikin tsohuwar kwamfutata, daga can nake tura su talabijin ɗin falo.

Matsalar ita ce hoton na maƙalewa. Baba zai ɗaga hannu, baki buɗe, sai ya sandare, wata 'yar da'ira tana ta juyi a kan fuskarsa. Nan take Inna za ta miƙe tana cewa a kawo ruwa, a kira likita. Haka ya sandare a gabanta ranar da ya rasu. Duk maƙalewa ɗaya sai ya sake mutuwa a idonta, ni kuma in kwana ina rarrashi.

Mai shagon ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Abin da nake bukata shi ne akwatin ajiya, wanda ake jona wa na'urar intanet ta gida da wayar kebul, talabijin ya riƙa ɗauko bidiyo daga ciki kai tsaye. Ya nuna mini mai faifai ɗaya, ga shi nan a kan kanta. Akwai kuma mai faifai biyu, kowane yana riƙe da kwafin ɗan'uwansa, in ɗaya ya lalace ba a rasa komai ba. Sai dai wannan sai an yi oda.

Yayana ya ce in ɗauki na kan kanta in huta, wai ni ko allura zan saya sai na kira taro. Na ce masa muryar ubanmu ba za ta zauna a faifai ɗaya ba. Na yi oda. Kafin ya iso kuma na daina kunna wa Inna bidiyon, don zuciyata ba za ta iya ɗaukar wannan kukan ba. Da farko takan nuna talabijin ta tambaya. Daga baya ta bari, har na ji daɗi, na ce hankalinta ya kwanta.

Kaya suka yi jinkiri, kamar yadda suka saba. Ranar da akwatin ya zo, mai shagon da kansa ya haɗa shi, ya kwashe komai ya zuba. Na zaunar da Inna, na gyara mata filo, na kunna na famfon.

Sumul ya tafi, ko gezau bai yi ba. Baba ya yi faɗansa har ƙarshe, ruwa ya feso masa a fuska. Inna ta yi dariya har da tafa hannu, rabon da in ji wannan dariyar na manta. Sai ta juyo ta dube ni.

"Wannan bawan Allah akwai ban dariya. Baban wa ne?"

Da ƙyar na ce, "Babana ne, Inna."

Ta dafa gwiwata. "Allah sarki. Allah ya bar miki shi, 'yar nan."

Na ce amin.