Fararen Shafukan Albam

Albam ɗin gidan ya tsaya a shekarar da Yaya ya sayo kyamara mai kati. Kafin nan fim ake saya, a ɗauki hoto, a kai a wanke, Mama ta jera su da hannunta. Bayan zuwan kyamarar an ɗauki hotuna ba adadi, ko ɗaya ba a wanke ba. Rabin albam ɗin fararen shafuka ne.

Babu wanda ya damu sai da mantuwa ta kama Mama. Likita ya ce a riƙa nuna mata hotuna. Duk wanda ke cikin albam ta san shi, har da maƙwabtan da suka tashi tuntuni. Auta ma tana ciki, amma tana ƙarama, da giɓi a baki. Matar da ke ba ta magani kowace safiya, wato Auta bayan ta girma, Mama “baiwar Allah” take ce mata.

Auta ta gwada nuna mata hotuna a waya. Da Mama ta taɓa sai hoton ya gudu, wani ya fito. Ta ture wayar.

Ran nan Auta ta kasa zama a wurin aiki. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe, ta je taga, ta dawo. Kafin azahar ta nemi izini ta nufi gidan Yaya.

“Ina katunan tsohuwar kyamararka?”

“Ko gaisuwa babu?”

“Ina wuni, Yaya. Ina katunan?”

“Me za ki yi da su?”

“Mama ta san ni ina ƙarama, ba ta san ni yanzu ba. Tsakiyar ce babu. In ta ga yadda na girma a hoto, wataƙila ta haɗa.”

Suka zazzage durowa a kan gado: tsofaffin caja, batura da suka kumbura, makullan da ba a san na ina ba ne. Katunan suna cikin wani gwangwanin alawa. Auta ta kwashe su ta fita, Yaya yana ce mata ta tsaya ta sha ruwa.

Shagon hoton yana tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki. Mai shagon ya sa katin farko a kwamfuta, hotuna suka cika allon. Ga Mama tana yankan farce, ga Yaya da sabon babur, ga bangon falo sau da yawa, lokacin ana gwada kyamarar.

“Wuce,” in ji Auta. “Wuce. Ni nake nema.”

Ya wuce. Ya canza kati. Auta tana tsaye a kansa, tana buga mukullin mota a kan tebur.

“Hajiya, ko dai ki zauna? Kujerar ba ta cizo.”

Ba ta zauna ba. Ta kira Yaya a waya.

“Ba na ciki. Ka ɗauki kowa, har kyanwar gidan, ban da ni?”

“Ke na fi ɗauka,” in ji shi. “Kin manta? Ina dannawa kin ƙwace kyamarar. ‘Yaya, hancina ya fito, goge. Yaya, na yi baƙi, goge.’ Wani lokacin da kanki kike gogewa.”

Ta kashe wayar.

“Wanda aka goge yana dawowa?” ta tambayi mai shagon.

“Da ba a ɗauki wasu a kai ba, da ya dawo. Wannan an cika shi an sake cikawa.”

A kati na ƙarshe ya tsaya a kan wani hoto. Mama ce a kujerar falo, ita aka nufa. A gefe akwai wata budurwa da ta shigo ba shiri, idonta a rufe, bakinta a buɗe, hannunta ya miƙo wajen kyamarar. Auta ta gane abin da hannun yake nema.

“In yanke gefen in gyara?” in ji mai shagon.

“Kada ka taɓa. Wanke shi haka.”

Ta sami Mama a ɗaki, albam a cinya. Ta buɗe farin shafi na farko, ta soka hoton a ciki. Mama ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

“Auta ce,” in ji ta. “Dubi yadda ta yi tsawo. Ita dai ba ta zama wuri ɗaya.”

Ta ɗago ta dubi matar da ke tsaye a bakin gado tana juya mukulli a hannu. Ta koma kan hoton. Ta sake ɗagowa.

“Ke ma haka kike,” in ji Mama. “Zauna mana, Auta, kin tare mini haske.”

Auta ta ajiye mukullin a kan tebur, ta zauna.