Masu Amsa Sun Zo Aron Tambaya

Daren jiya wani mafarki ya ɗauki Malam Mudi ya yi nisa da shi. Shi ke kula da sashen binciken kasuwanci a laburaren jami'a. Tun da aka sabunta manhajar da ke ɗauke da rahotannin kamfanoni, aka ce yanzu da kanta take ba da amsa, bawan Allah ya rasa sukuni. Tsoronsa kada a wayi gari babu mai leƙo teburinsa.

Sai ga shi a laburaren, amma an mayar da ginin tsakiyar kogi. Littattafai suna iyo a bushe ƙayau, masu karatu ne suka jiƙe. Bai yi mamaki ba. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga.

Wata raƙuma ce zaune a kujerarsa, da tabarau. Ya yi sallama, don Malam Mudi ko kujerarsa ka ƙwace sai ya yi maka sallama.

"Sai damina ta faɗi farashin zai sauka," in ji ta.

"Baiwar Allah, ai ban tambaye ki komai ba."

"Ni ce sabuwar manhajar. Jiran tambaya ɓata lokaci ne."

Ya nemi tsohuwar manhajar, aka ce tana tasha, tana jiran motar da ta riga ta tashi gobe. Ya je rakiya, ya riƙe mata ƙunshinta. Ta ce ya yi haƙuri, maɓallin da ya saba dannawa an mayar da shi cikin rijiya.

Daga nan sai kasuwa. Kowa ɗauke da kwandon amsoshi a ka, ana ta tangaɗi, wasu amsoshin har sun fara tsami saboda rana. Ya hango Dakta Lantana, malamar da ke bincike kan mata masu man gyaɗa, zaune a ƙasa tana hawaye, kwandonta yana zuba.

"Malam, raƙumar nan ta ba ni duka," ta ce. "Amma na manta abin da na zo nema, ga shi gobe zan miƙa aikin."

Tausayi ya kama shi. Ya yi abin da ya saba yi a ofis. Ya kira kujera, ta taho da ƙafafunta. Ya miƙa wa Dakta ruwa, ya tambayi mutanen gida, har da gwiwar mahaifiyarta. Sai da numfashinta ya daidaita sannan ya ce, "To, Dakta, ranar da kika fara zama da matan nan, me ya tsaya miki a rai?"

Ta ce, "Aiki suke ba dare ba rana. Me ya sa har yau babu mai injin kanta?"

Tana rufe baki amsoshin suka tashi kamar fara, guda ɗaya ta rage a gindin kwandon. Ta ɗauke ta, ta sa a jaka, tana dariya.

Da ya waiwaya, layi ya miƙe har bakin kogi, kowa da kwandonsa. Raƙumar ce a gaba, ta cire tabarau, ta sunkuyar da kai.

"Malam, in da ragowar tambaya, ko ƙarama ce, a taimaka mini," ta ce. "Tun da aka kawo ni babu wanda ya tambaye ni yadda na kwana."

Zuciyarsa ta karye. Ya gyara murya, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe shi daga barci.

"Kin tashi lafiya?" ya ce da rufin ɗaki.

Daga tsakar gida matarsa ta amsa, "Lafiya lau, Malam. Tashi, kada ka bar mutane tsaye a ƙofar ofis."