Ranar da Baba Jijiya Ya Ja Sallar Magariba

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta iso, kunnuwanmu na wurinki.

To, a unguwar Mabera, can bayan layin masu sayar da katako, akwai wani dattijo, Malam Arzika. Amma in kuka je kuna tambayar gidan Malam Arzika, sai ku yini kuna yawo. Ku ce Baba Jijiya kawai, ko mai keken da ya zo garin jiya zai sauke ku a bakin zaurensa.

Tun talabijin tana baƙi da fari yake wasan kwaikwayo. Bai taɓa zama jarumi ba, ba a taɓa sa shi ya yi wa budurwa waƙa a lambu ba. Shi ne dai wanda ke shigowa daga gefe, ya yi magana kaɗan, ya fita, washegari gari ya tashi yana maimaita maganarsa. Ya yi masinjan kotu mai barci a tsaye. Ya yi kawun da ke zuwa gaisuwar rasuwa yana auna katifar mamaci da ido. Akwai wani fim da ya fito uban da ɗansa ya ɓace, bai ce uffan ba, takalmin yaron kawai ya riƙe yana gogewa da bakin riga. Matan unguwa sun yi kuka har tuwo ya kama a tukunya. Amma wannan ba mai tunawa da shi. Abin da mutane suka riƙe shi ne Jijiya, mahaucin nan na shirin mako-mako mai ɓoye wa mata jijiya a ƙarƙashin tsoka. Kafin ya shara ƙarya sai ya yi ɗan gyaran murya siriri ta hanci, "ehem, ehem," ya ɗaga kafaɗar hagu. Shi ke nan fa. Tun bai buɗe baki ba mutane sun zube ƙasa. Ku yarda da ni, ba kowa Allah ke ba wannan ba.

Da girma ya kama shi sai ya ajiye wasa, ya koma gaban Malam Jelani, limamin masallacin layinsu, yana gyara karatu. Jam'i ba ya wuce shi, kullum yana sahun farko, daidai bayan liman. Abu ɗaya ya rage masa a rai: kafin ya mutu, ko sau ɗaya ne, a ce masa "Malam Arzika, bisimilla," ya ja mutanen layinsu salla.

Matarsa Atika kaɗai ya faɗa wa. Ya ce, "Ke Atika, ranar da nim mutu mi za su ce? Jijiya ya mutu. So nika yi ko mutum guda shi ce, wanga da ya taɓa jan mu salla."

Ta ce, "Malam, ai Allah Ya san sunanka."

"Allah Ya sani. Mabera ta ba ta sani ba."

To akwai Mode, sa'ansa ne, mahauci na gaske, tun kakanni. Shekara da shekaru mata na tsayawa gaban teburinsa suna cewa, "Jijiya, juya muna shi mu ga ƙasa." An kira 'ya'yansa 'yan Jijiya a makaranta har suka girma. A fuska yana dariya tare da kowa, suna gaisawa da Arzika hannu biyu-biyu. Amma Mode mutum ne mai ajiye abu a zuci. Kuma yana da ido: ya ga yadda leɓen Arzika ke bin karatun liman, ya ga yadda yake kallon shimfiɗar liman in an watse. Ba sai an faɗa masa ba.

Ana nan, wata rana Malam Jelani ya tafi ta'aziyya Wurno, na'ibinsa kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Dab da magariba dattawa na zaune kan tabarma a ƙofar masallaci, sai ga Mode da ƙunshi a hannu. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Arzika."

Arzika ya waiga bayansa, don ya ɗauka da wani ake.

"Da kai nika, Malam. Ga kilishi, hannuna yay yi shi. Yau ba liman, kai za ka ja mu. Taɓa kaɗan ka samu ƙarhi."

Wayyo. Tsohon nan ya sa hannu biyu ya karɓa. Mutumin da ya kira ka da sunanka na yanka, ya durƙusa maka, ka ce ba ka cin abin hannunsa? Ya yaga ya ci, ya ƙara. Kilishin kuwa Mode ya dame shi da yaji, ya zuba masoro da busasshiyar citta, irin wanda ba ya zafi a baki sai ya sauka ya maƙale a maƙogwaro. Sahabi, ladanin masallacin, ya kira salla. Arzika ya kurkure baki da buta, amma abin ya riga ya wuce inda ruwan kurkura ke kai.

Kun san yadda ake yi in ba liman. Wannan ya tura wancan, wancan ya noƙe ya tura na kusa da shi, kowa na cewa bai kai ba. Mode ya katse su da murya sama.

"Mi ad da wahala, jama'a? Wa ya hi Malam Arzika shekaru nan? Wa ya hi shi zama gaban Malam? Bisimilla, Malam."

Sahabi ya matso ya ce masa a hankali, "Mode, ka ji tsoron Allah."

"Tsoron Allah na nika ji. Ko kana da wanda ya hi shi karatu?"

Babu. Gaskiya ce, babu. Arzika ya noƙe sau ɗaya don kunya, sannan ya taka ya hau shimfiɗar liman. Sahabi ya maƙala masa abin magana a wuyan riga, lasifika kuwa tana saman rufi, tana kai murya har cikin gidaje.

Ya yi kabbara. Ya karanta Fatiha, kuma wallahi ya karanta ta da kyau, kowane harafi a wurinsa, murya a natse. Aka ce amin. Sai ɗan shirun nan kafin sura. A nan yajin ya motsa. Ya haɗiye yawu, bai tafi ba. Ya sake haɗiyewa, hawaye suka cika masa ido. Ya danne, ya danne, garin dannewar kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga sama, sai abin ya kuɓuce masa ta hanci, siriri, cikin lasifika.

"Ehem... ehem."

Wani a sahun baya ya yi wani irin sauti kamar an taka agwagwa. Na kusa da shi ya toshe baki, abin ya fito masa ta hanci. Kafin ka ce me, dariya ta bi sahu-sahu. Manyan mutane fa, masu furfura, masu jikoki. Wasu suka durƙushe suna riƙe ciki. A cikin gidaje mata suka saki ludayi suna shewa ta kan katanga: "Jijiya na! Wallahi Jijiya na ka limanci!" Atika na gaban murhu. Ta ajiye muciya, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Arzika bai yanke ba. Ya karanta surarsa har ƙarshe, muryar na karyewa. Ya yi ruku'u yana jin ƙarar takalma, mutane na rige-rigen fita waje su ƙarasa dariyarsu, don duk wanda ya ƙyalƙyale a salla tasa ta ɓaci. Da ya yi sallama ya juyo, masallaci ya zama fili. Saura Sahabi, kansa a ƙasa, da wani tsoho da ba ya ji, sai Mode. Mode ko murmushi bai yi ba. Ya sallame sallarsa lafiya lau, ya shafa addu'a, ya miƙo hannu.

"Allah Shi karɓa, liman."

Mutane suka dawo suna share hawaye. Abin da ya fi ciwo, ba wanda ya zo da ƙiyayya. Kamilu mai shagon kusurwa ya rungume shi yana haki. "Baba Jijiya, ka kashe mu! Wallahi ba a yi irinka ba, ba kuma za a yi ba. Tun ina ƙarami nika kallonka!"

Wani ya ce, "Baba, don Allah in mun ƙare ka ƙara yi muna guda."

Suka daidaita sahu don su sake sallar, suka tura Kamilu gaba. Amma duk wanda ya saci kallon Arzika a gefe sai kafaɗunsa su fara rawa. Mode ya dafa shi.

"Malam, ka ɗan hita waje har su gama. In suna ganinka ba su iyawa. Kada lokaci shi hita, alhakin shi hau kanka."

Ya fita. Ya tsaya a wurin takalma, yana jin Kamilu na cin gyara a surar da shi ya karanta ba tuntuɓe.

Da Malam Jelani ya dawo ya ji labari, ya yi wa jama'a faɗa sosai. Sannan ya kira Arzika gefe, ya riƙe hannunsa. "Ba laihinka ba na, ni na san karatunka. Amma mutane masu rauni na. Ka koma sahun ƙarshe, wajen ƙohwa, inda ba mai ganin bayanka. Don a tsare ma jama'a sallarsu."

Arzika ya ce, "To, Malam."

Bai koma sahun ƙarshe ba, bai koma masallacin ba ma. Ya gwada wani masallacin a unguwar Gidan Igwai, ya tarar labarin ya riga shi isa. Yanzu a ɗakinsa yake salla, yana karatu ƙasa-ƙasa, Atika a bayansa. Sahabi ya daina gaisawa da Mode. Kamilu ne ke jan salla duk ranar da ba liman. Mode ya koma tsayawa a sahun farko, daidai bayan Malam Jelani, kilishinsa kuma ya ƙara kasuwa. Gidan talabijin na nan na maimaita tsohon shirin duk mako, mutanen Mabera kuma suna kallo suna dariya, suna sa wa Baba Jijiya albarka.